Juyen baƙin mai: tun kafin a kwance noti ake hana ƙazanta

Duk wanda ya san garejin makanikai a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san launin ƙasar wurin. Baƙa ce wuluk, ta daskare ta yi tauri, ko damina ta sauka ciyawa ba ta fitowa. A nan Jamus inda nake zaune kuwa, mutum zai yi wa motarsa juye a garejin gidansa, ya gama ya share, ka zo ka duba dandamali ba za ka ce an taɓa mai a wurin ba. Mutanenmu in suka ga haka sai su ce ai Bature ne, tsafta a jininsa take. Ban yarda da wannan magana ba. Yaron makanike a Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi yawancin masu juye a gida a nan iya riƙe sufana, nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne, a nan kafin mutum ya kwanta ƙarƙashin mota ya riga ya san inda kowace lita za ta je. Mu kuwa sai notin juye na ƙasan inji ya fita, mai ya fara tsartuwa, sannan ake ƙwala wa yaro kira ya kawo roba.

Abin da ya sa suka san inda man zai je, doka ce. A Jamus duk kantin da ya sayar maka da baƙin mai, wajibi ne ya karɓi tsohon da ka juye, kyauta, gwargwadon yawan da ka saya, har da tsohuwar filta. Shi ya sa ake adana rasit. Gurɓata ruwa kuma laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5. A unguwanni da yawa magudanar ruwan sama da ke bakin titi ba ta bi ta matatar komai, kai tsaye take faɗawa rafi, don haka ƙananan hukumomi da dama suka hana irin wannan aiki a kan titi. Wanda ba shi da gareji sai ya je wuraren da ake hayar ramin gyara da injin ɗaga mota a kan awa. Ga kuma mai gidan haya, wanda tabon mai ɗaya a dandamalinsa zai iya ciro kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarka. Tsoron tara da asara na da kaso babba a wannan tsaftar da muke yabo.

To, bari mu je ga aikin kansa, don nan ne ake ɓarin.

Abu na farko shi ne mazubi. Mota irin Corolla mai injin lita 1.8 tana ɗaukar mai kusan lita 4, manyan motoci masu silinda shida kan kai lita 5 zuwa 6. Mazubin da za ka tara ya zama ya fi abin da ke cikin injin da aƙalla lita 2, domin wanda ya cika maƙil ba ya janyuwa daga ƙarƙashin mota sai ya yi tangaɗi ya zuba. Galan ɗin lita 4 da aka yanke gefensa, wanda muka saba gani a gida, dabara ce mai kyau amma ya yi wa aikin kaɗan: bakinsa ƙarami ne, kuma daidai lokacin da ya cika ne man ke ci gaba da zuwa. In yankan za a yi, a yanki jarka mai lita 20 ta kwance, a bar murfinta a ɗaure. In an gama sai a buɗe murfin a tsiyaye ta nan. A nan ana sayar da mazubi rufaffe mai rami a sama, kuma shi ma yana da tarkonsa. Akwai ɗan ƙaramin murfin iska a gefensa. In aka manta ba a buɗe ba, iska ba ta samun mafita, mai ya taru a saman ya malala ta gefe alhali cikin babu komai.

Ƙarƙashin mazubin a shimfiɗa kwali mai faɗi, irin na firji ko talabijin. Jarida ba ta riƙe mai, nan da nan yake ratsa ta, iska kuma ta kwashe ta. Leda ita kaɗai ma ba ta yi, don mai a kan leda gudu yake yi yana neman gangare. Leda a ƙasa, kwali a sama, shi ne daidai. Kuma a guji yin juye a fili ranar da ake iska: zaren man da ke fitowa a ƙarshe siriri ne, iska kaɗan ke kaɗa shi ya sauka taku guda daga mazubi. Masu hunturu da ƙura sun fi kowa buƙatar jin wannan.

Zafin inji kuma a yi masa tsaka-tsaki. Man injin da ya dawo daga tafiya yakan kai maki 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, yana ƙona fata, kuma wanda ya ƙone ba ya tsayawa saita mazubi, sakin komai yake yi. Mai sanyi ƙalau kuwa, musamman a sanyin nan ƙasar, kauri gare shi, ya yi ta ɗiga ba ya ƙarewa. A tayar da inji minti 5, ko in daga tafiya aka dawo a jira kamar rabin awa.

Kada a shiga ƙarƙashin mota a kan jak shi kaɗai. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ko a hau da ita matakalar ɗaga gaba, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya. Dutse ko bulo ba matokari ba ne, bulo fashewa yake yi ba sallama. Motocin yanzu da yawa suna da murfin roba a ƙarƙashin inji. A cire shi gaba ɗaya, domin in mai ya zubo a kansa, bin sa yake yi ya ɗigo ta wurare uku, ya kuma ci gaba da ɗiga kwanaki bayan an gama har mutum ya zaci inji ne ke yoyo.

Kafin a taɓa noti a buɗe bonet a cire murfin zuba mai, a ɗan zaro geji, wato sandar auna mai. Iska za ta shiga ta sama, man ya fito a miƙe maimakon ya riƙa fita da shaƙuwa yana fantsama. A kuma tabbatar notin inji ne ake kwancewa. A wasu motoci notin man giya yana kusa, kuma an sha ganin wanda ya juye giya ƙaf, ya ƙara lita 4 a kan injin da man cikinsa bai je ko'ina ba.

Wajen kwance notin ne hannu ke nuna kansa. A Toyota yawanci sufana mai lamba 14 ce, a Honda 17. Da sufana ake karya ƙarfinsa kawai, sauran da yatsu. Kana juyawa kana danna shi ciki, yadda tiredin zai ci gaba da toshe ramin. In ka ji ya kai ƙarshe, ya ɗan yi ƙas, sai ka fizge shi gefe da sama lokaci guda, kada ka ja shi ta hanyar da man zai bi. Wanda ya yi sanyin hannu a nan shi ne mai ke bi ta tafin hannu ya gangara har gwiwar hannu. Sai wurin ajiye mazubi, inda sababbin hannu suka fi faɗuwa. Idan notin a gefe yake kallo, man ba ƙasa yake sauka ba da farko. Tsartuwa yake yi gaba, kamar ruwan buta in an karkata ta da ƙarfi, sannan yana raguwa yana dawowa baya har ya koma ɗiga daidai ƙarƙashin ramin. Don haka a ajiye mazubin yadda bakinsa na baya ke ƙarƙashin notin, sauran faɗinsa na gaba, kuma a tsaya a wurin ana gyara shi. Minti 10 zuwa 15 ya isa.

Washa ita ce abin da muke rainawa a gida. Wannan ɗan zoben alminiyam ko jan ƙarfe da ke wuyan noti an yi shi ne don ya lotse sau ɗaya ya toshe. In aka maimaita shi sau uku sau huɗu sai ya fara tsatsafa, makanike kuma maganin da ya sani shi ne ƙara ɗaurewa, har ya sa bututu a sufana ya danna da ƙarfinsa. Ƙarshenta tiredin botom filet, wato kaskon mai na ƙasan inji, ya tafi, sai naɗa zare ko gam, mota ta koma mai barin tabo duk inda ta kwana. Ɗaurin da ake buƙata a yawancin ƙananan motoci bai wuce Nm 30 zuwa 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba, wato ƙarfin hannu ɗaya da gajeriyar sufana. Sabuwar washa kuwa kuɗinta bai kai na lemon kwalba ba. A nan sau da yawa tare da filta ake sayen ta. A fara mayar da notin da yatsu. In ya yi tauri tun juyi na farko, a karkace ya shiga, a fito da shi.

Filta ta fi noti ɓata wuri, domin a cike take, kuma masu ƙera mota kamar da gangan suke sa ta saman wani ƙarfe ko waya. Irin ta gwangwani, a sassauta ta kaɗan, a bar abin da zai zubo ya zubo cikin mazubi, sannan a sa mata leda mai kauri a ƙarasa kwancewa a cikin ledar, bakinta na kallon sama. In akwai ƙarfe ko salansa a ƙarƙashinta, a lanƙwasa kwali ko a yanki gorar ruwa a yi wa man hanya. Man da ya zuba a kan salansa shi ne wannan ƙaurin da hayaƙin da ke biyo bayan juye. Da an cire, a duba bakinta: robar tana nan? Wani lokaci tsohuwar robar kan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwar filta a kanta. Roba biyu ba sa riƙe matsin mai. Ana tayar da inji ko ana hawa titi sai ta fashe, mai ya kwarare cikin ɗan lokaci, ga ƙazanta ga inji na shirin bugawa. A shafa wa sabuwar robar mai da yatsa, a juya har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na juyi da hannu. Ba a sa ƙarfe. Motocin Turai da yawa filtarsu ta takarda ce a cikin gida mai murfi a saman inji. Wannan ita ake fara sassautawa kafin a mayar da noti, don man da ke cikinta ya sauka ƙasa ya fita tare da sauran.

Wajen zuba sabo, mazurari dole ne, ko da saman gorar ruwa busasshiya ce aka yanke. A riƙe galan a kwance ta gefensa, ko bakin yana sama, yadda iska za ta shiga. A zuba ƙasa da abin da littafin mota ya ce da rabin lita, a rufe, a tayar minti ɗaya ana leƙen ƙarƙashi, a kashe, a jira minti 5, a geja a wuri mai daidai, a cika. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a geji yawanci kusan lita 1 ne. Al'adar nan ta a juye galan duka tunda an saya, ba gata ba ce ga inji: man da ya wuce kima karanshaf ke kaɗa shi ya yi kumfa, ya matsa wa sil, robobin da ke tare mai, har su fara yoyo.

In duk da haka ya zuba, kada a kawo ruwa. Ruwa faɗaɗa shi yake yi ya kai shi kwata. A nan garin tsotse mai ake sayarwa, wasu kuma yashin kyanwa suke zubawa. Mu da muke da yashi, toka da dusar katako a ƙofar gida ba mu da uzuri. A zagaye shi tukuna, a rufe, a murza da takalmi, a bar shi ya sha, a kwashe a leda. Bayan nan ne garin sabulu da buroshi. Hannu kuma safar roba ta fi wanke shi da fetur. Tsohon mai na ɗauke da abubuwan da likitoci suka daɗe suna gargaɗi kan yawan taɓa fata da su, fetur kuma busar da fatar yake yi ya tsaga ta.

Gaskiya akwai inda nake ganin an wuce gona da iri a nan: famfon zuƙe mai ta ramin geji, noti mai famfo, tabarma ta musamman, kaya cike da kanta don aikin da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara. Famfon zuƙar yana da amfani ga motar da filtarta ke sama, ba sai an shiga ƙarƙashi ba. Sauran kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Jarka, kwali, mazurari da sabuwar washa sun isa.

Inda aka bar mu a baya shi ne bayan an gama. A gida tsohon mai yana da kasuwa, kuma da ma a ce duka hannu ɗaya yake zuwa. Amma wani a shafa wa katako don gara, wani a zuba a masai don sauro, wani a yayyafa a ƙofar gida don ƙura, wani ma a shafa wa jaki ko raƙumi a kan ƙurji, ragowar a tuttule a kwata. A Kano kwatocin cikin gari da yawa Jakara suke faɗawa, kuma da ruwan nan ake ban ruwan lambu a gefenta. Man da ya shiga ƙasa kuma rijiyar maƙwabci yake nema. Ba sai mun jira doka irin ta Jamus ba kafin kowane gareji ya sami duro guda mai murfi da mazurari a kan ɗan dandamalin siminti. Ƙungiyoyin makanikai da ke iya tara kuɗin wata za su iya wannan. Sharaɗin kawai kada a gauraya shi da ruwan lagireto, man birki ko fetur, domin gaurayayye ba ya sake tacuwa yadda ya kamata. Filta a kifa ta a mazubi ta kwana tana tsiyaya kafin a ɗaure ta a leda.

Sai galan ɗin da aka zazzage. A nan shi ake mayar wa tsohon mai a kai kanti. A gida galan mai kyau da murfinsa abin nema ne ga masu cika shi da jabu su sake liƙewa su kai kasuwa. In za ka zuba tsohon mai a ciki, ka kankare takardar jikinsa ka rubuta abin da ke ciki, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa. In kuwa ba za ka yi amfani da shi ba, ka huda gindinsa kafin ya bar hannunka.