Tirelar da ta ƙwace a gangare, tun daga kan tudu aka rasa ta

Duk lokacin da babbar mota ta afka wa mutane a ƙasan gangare, bayani ɗaya ake yi mana: birki ya tsinke. Daga nan sai a rufe magana. Ni dai wannan bayani bai taɓa gamsar da ni ba, domin birkin tirela ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba. Kashe shi ake yi a hankali, kuma yawanci da hannun mutum a ciki.

Motar da ta ɗauko tan 40 tana gangarowa, duk nauyin nan zafi yake komawa idan aka dogara da birki kaɗai. Direba ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba, sai durom ya yi zafi ya buɗe, fatar birki ta daina kama shi sosai. Ya ƙara takawa, zafi ya ƙaru. Kafin birki ya ƙi ci gaba ɗaya yana yin gargaɗi: ƙauri ya cika gaban mota, hayaƙi na tashi daga ƙarƙashin tayoyi, wani lokaci ma taya ta kama da wuta. Wani kuma sai ya yi ta famfa birki har iskar tanki ta zube fiye da yadda kwamfureso ke iya mayarwa, agogon iska ya sauka ƙasa da 60 ƙararrawa na kuka.

Mafi muni shi ne sa mota a firi don a rage shan mai. Da zarar gudu ya wuce misali, giya ba za ta sake shiga ba, ko da direba zai karya hannunsa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke zaɓen ƙaramar giya tun kafin kan mota ya sunkuya, su bar inji ya riƙe ta, birki kuwa sai dai a taka a saki.

Clessie Cummins, wanda ya kafa kamfanin injin dizal na Cummins a Amurka, ya ɗanɗani wannan tashin hankali a 1931, lokacin da birki ya ƙi ci masa a gangaren Cajon da ke Kalifoniya, saura ƙiris ya yi karo da jirgin ƙasa. Abin bai bar ransa ba sai da ya ƙirƙiro birkin inji, wato na'urar da ke sa injin da kansa ya rage gudun mota, wanda kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Ashe maganin ya haura shekara 60 a duniya. To me ya sa har yau ake tura mota kan tsauni birkin injinta a mace?

Nan ne nake ganin ana yi wa direba rashin adalci. Shi ake kamawa, shi ake nunawa. Mai motar da aka ce masa fata ta cinye ya ce a lallaɓa a yi sahu ɗaya, da wanda ya labta lodi fiye da ƙima, babu mai tambayarsu. Idan birkin wasu tayoyin bai daidaita ba, sauran ne ke ɗaukar aikin duka, su kuma riga ƙonewa. A Afrilun 2019 wata tirela ta ƙwace a babbar hanyar I-70 a jihar Kolorado ta Amurka, mutum 4 suka mutu. Aka yanke wa direban shekara 110, kafin gwamna Jared Polis ya mayar da ita 10. Yana da nasa laifin, domin ya wuce hanyar tsira mai tsakuwa da ake ginawa a gefen gangare bai shiga ba. Amma wa ya damƙa masa wannan mota a kan tsauni ba tare da ya goge ba?

Bayan mota ta kife kuma, gaggawa ce ke jawo haɗari na biyu. Kowa so yake a buɗe hanya, sai a kira janwe ɗaya a ɗaura sarƙa duk inda hannu ya kai. Aikin ba haka yake ba. Ana fara sa weji, a cire batir, a duba ko mai na zuba, a sauke kaya in da hali. Sarƙa a shasi ko gatari ake ɗaura ta, ba a bodi ba. Kuma ja kaɗai bai isa ba, dole a samu wata waya ta ɗaya ɓangaren da za ta tare motar idan ta rinjayo, in ba haka ba ta daki ƙasa da ƙarfi, ko ta gangara da janwen gaba ɗaya. Wayar da ta tsinke tana ɗauke da wannan nauyi, ba ta barin wanda ke tsaye kusa.

Tanka kuwa sai an kwashe man cikinta zuwa wata kafin a taɓa ta, a kuma kori 'yan kallo nesa. A Yunin 2017 a yankin Bahawalpur na Pakistan, tankar mai ta kife, mutane suka taru da bokitai, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 200.