A Ba Masu Abincin Bakin Titi Ruwa Kafin A Kira Su Ƙazamai

Duk shekara da damina ta kankama, aka fara jin labarin amai da gudawa a unguwanni, wadda ake fara nuna wa yatsa ita ce mai abincin bakin titi. Sai ka ji ana cewa a daina cin abincin waje, a tashe su, ƙazamai ne. Wallahi maganar nan tana ci mini rai, domin yawancin masu yinta suna da wanda zai aiko musu da kula daga gida da azahar, ko kuma aljihunsu zai iya ɗaukar gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki.

To ɗan dakon da ya baro Rijiyar Lemo tun asuba ya nufi kasuwar Singa fa? Yaron shago a Kantin Kwari, da mai adaidaita sahu, da leburan gini, da ɗalibin da ke zaman haya shi kaɗai, wa zai dafa musu? Kano ta yi faɗin da mutum ba zai koma gida cin abincin rana ya dawo ba, kuɗin motar kaɗai ya fi kuɗin abincin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da gawayi da itace duk suka tashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin kayan abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali, wanda ba shi da iyali in ya ce zai hura wuta ya dafa wa kansa, asara zai yi. Ita kuwa mai abinci ta auno hatsinta da yawa a Dawanau, ta sayo kayan miya a 'Yan Kaba, wuta ɗaya ta ciyar da layi guda na mutane. Ta ba ka bashi in wata ya yi nisa, ta yi maka gyara in ta ga fuskarka ba daidai ba, almajirin da ke taya ta aiki ya tafi da ƙanzo da sauran miya. Da wannan sana'a zawarawa da matan da mazansu suka rasu suke biyan kuɗin makarantar yara, suke zuba adashi.

Ban ce babu ƙazanta ba. Akwai ta, kuma duk mai cin abincin waje ya san inda take. In ka zauna a benci, kada ka kalli tukunya, leƙa bayan rumfa inda ake wanke-wanke. Baho biyu ne, ɗaya na omo, ɗaya na ɗauraya. Da hantsi ruwan garau yake. Kafin la'asar ya koma ja saboda manja, ƙwayoyin shinkafa na yawo a sama, yarinya ta tsoma faranti ta zaro, ta goge da tsumman da ke kafaɗarta tun safe, ta miƙa a zuba wa na gaba. A wajen tuwo kuma kwanon wanke hannu ɗaya ne, kowa ya zo ya tsoma nasa.

Na taɓa yi wa wata dattijuwa mai tuwo magana a kan haka, cikin ladabi na ce, "Iya, da an sauya ruwan nan." Ba ta yi fushi ba. Ta nuna mini jarkoki a jingine da bango ta ce, "Ɗan nan, kowace ɗaya saye na yi a wajen mai garuwa. In na zubar da wannan, daga cikin ribar tuwon zan cire." Gaskiya ta faɗa. Matar da take share wurinta tsaf, take rufe tukunyarta, take kore ƙuda da mafici, ba ƙazama ba ce. Lissafi ne ya ɗaure ta. Ga matatun ruwa a Challawa da Tamburawa, amma unguwanni da yawa sun manta rabon da famfo ya kawo, sai kurar mai garuwa da rijiyar burtsatse ta masu hali.

Abin da ya fito daga wuta kai tsaye ba shi ne abin tsoro ba. Ƙosai daga kasko, waina daga tanda, tsire da aka sake gasawa a gabanka a tukuba, ɗanwake da aka tsamo yanzu, shayin da ke tafasa, zafi ya riga ya yi maganin yawancin ƙwayoyin cuta. Inda ake kwasar ciwo shi ne latas da kabejin da aka ɗauraye sama-sama, da zoɓo da kunun aya da aka ɗura a robar da aka tsinto, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da shinkafar da ta wuni a kula ta huce, sai kuma farantin nan da hannun nan. Kusan dukkansu, in ka bi diddigi, ruwa ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasa ransu, don haka ba na ɗaukar lamarin da wasa. Akwai laifin da yake nasu ne su kaɗai, kamar man suyar da ya yi baƙi ƙirin ana ta maimaita shi, da zuba miya mai zafi a leda, da naɗe nama a takardar buhun siminti. Waɗannan a faɗa musu, kuma a hana.

Amma tashin su ba magani ba ne. Ka kore ta daga bakin titi yau, gobe ta koma lungu kusa da kwata, masu cin abincin su bi ta can, domin yunwa ba ta tashi ba. Ƙasar Singafo ta sha fama da irin wannan matsala. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatinsu ta yi wa masu abincin titi rajista, a shekarun 1970 kuma ta gina musu rumfuna masu famfo da magudanar ruwa da wurin zubar da shara, ta riƙa duba su. A 2020 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wannan al'ada tasu cikin abubuwan gado na duniya. Mu ma muna da abin da ya kai a yi alfahari da shi, gurasa da bandashe, balangu, kilishi, fura da nono, har daga wasu ƙasashe ake yin tsarabarsu.

Kullum ana yankar wa matan nan tikiti a kasuwanni da tashoshi. Ina laifin a ce daga cikin kuɗin an haƙa burtsatse ɗaya, an ja famfo zuwa layin masu abinci, an gyara kwatar da ke gefensu? Duba-gari kuma su dawo da aikinsu na asali, su koyar, su yi gargaɗi, su dawo su duba, tara ta zama matakin ƙarshe. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi ma za su iya haɗa kuɗi su yi, tunda yaransu ne ke ci a wurin.

Mu masu ci kuma da namu. Muna son malmala ta ƙara girma, nama ya ƙaru, amma da an ƙara naira hamsin sai mu tashi mu koma wajen mai araha, ko da bahonta ya fi na kowa dauɗa. Ni inda na ga buta da sabulu a maimakon kwanon tarayya, na ga ana sauya ruwan ɗauraya, nan nake zama, kuma in biya ƙarin ba tare da ciniki ba, domin na san kuɗin jarka ne. In ka ga abin da bai yi maka ba, ja ta gefe ka faɗa mata da mutunci, kada ka ɗauki hotonta ka watsa a Facebook, wataƙila marayu ne a bayan tukunyar nan.