A riƙa kai yara ƙauye, ba Gidan Makama kaɗai ba

Gaskiya na ji daɗin wannan labari na malaman da suka ɗebi ɗalibansu suka kai su ƙauye su ga yadda ake rayuwa da yadda abubuwa suka sauya, Allah ya saka musu da alheri. Mu a nan Kano in an ce eskoshon to Gidan Makama ne da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, sai gidan zu, duk suna da kyau amma yaro kallo kawai yake yi ya dawo. Yaran cikin gari yanzu wallahi wani bai taɓa ganin rumbu ba, bai san sussuka ba balle shiƙa, shi dai ya ga an kai gero inji an dawo da gari. A kai su Dawakin Tofa su ga mace ta zauna da yumɓu tana ginin tukunya da hannunta, sannan su tambaye ta me ya sa roba da randar silba suka rage mata ciniki. A kai su Kura da Kadawa su ga noman rani, dattijo ya faɗa musu kafin dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako da an gama girbi sai maza su tafi cirani, yanzu ga shinkafa ga tumatir a tsakiyar rani.

Roƙona kawai kuɗin mota kar ya fi ƙarfin iyaye, 'ya'yan makarantun gwamnati su ma a tuna da su don Allah. Kuma a fara gaida mai gari kafin a shiga.