Girman rim ba ya ƙara wa mota gudu

Samari da yawa a Kaduna sun ɗauka in aka cire wa motar tsere rim mai inci 17 aka sa na aloi (wato na alminiyam) mai inci 20, gudunta zai ƙaru. Ba haka ba ne. Babban rim yawanci ya fi nauyi, sai mota ta yi nawar tashi. Kuma dole a haɗa shi da siririyar taya, marar naman da zai shanye duka. Rami ɗaya da damina ya isa ya lanƙwasa bakin rim, taya ta riƙa sacewa, kullum kana wajen mai faci.

Kyau kam akwai. Amma kafin ka biya kuɗin rim a kasuwar Fanteka, ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka duba ramukan noti: 5x112 na Mercedes (ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112) ba ya hawa gurbin 5x114.3.