Yaƙin Burmi a cikin man ƙosai

Wanda ya san ni ya san cutata, tsofaffin littattafan yaƙi. Na Biyafara, na sojojinmu da aka kwasa zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma ni sai bugun farko, wai. To akwai wanda na daɗe ina farauta, na wani Baturen mulki da ya rubuta shigar sojojin Lugga Sakkwato a watan Maris 1903, da karon Giginya, har hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, garin da ya yi yaƙinsa na ƙarshe da Turawa. Bugun Landan, 1964. Na same shi wajen tsohon nan mai baza littattafai a ƙasa a Tsohuwar Kasuwa, kuɗin kuwa ba zan faɗa ba don uwargida na bibiyata a Facebook.

Ɗinkinsa ya saki ga warin ɗaki, sai na ware shi na shanya a tsakar gida kafin in kai wa mai ɗinki. Na dawo daga La'asar, wayam. Ashe ƙanwar uwargida ta ɗauka shara ce, ta ba almajirinmu ya kai wa Inna mai ƙosai ta bakin layi.

Jama'a ku gan ni da babbar riga mai sitati, durƙushe gaban kasko cikin yara, hayaƙi na shiga min ido, ina lallaɓa Inna.

"Na nawa kaka so?"

Na ce ba ƙosai ba Inna, takardun da aka kawo maki.

"Wagga takarda? Wallahi ban taɓa samun mai shan mai kamatta ba, in da saura ka kawo."

Tana faɗa tana yagar shafi tana zuba wa wani na ɗari biyu har da yaji. Na hango yaro zai tafi da shafin da ake bayanin bindigar Maxim, na riƙo rigarsa ina cewa ci a nan ka ba ni takardar, yaro ya fashe da kuka. Daidai nan surukina ya zo wucewa masallaci. Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi hannuna da ya yi shar da mai, ya ce "Malam lafiya? In babu abinci a gida ai sai ka faɗi." Na ce Baba Attahiru ne nake... ya ce "Attahirun gidan wa?" Kafin in haɗa magana ya zaro ɗari biyar ya miƙa wa Inna ya ce ta zuba min, ya yi gaba yana girgiza kai. Kuma ta zuba. A cikin takardata.

Shi kuwa mai cajin wayan nan na tsallake, wanda tun Sallar layya nake binsa kuɗin batirin da ya ƙona min, mutumin da in ya hango ni yake shigewa bayan janareta, ranar har kujera ya jawo yana dariya yana buga cinya. Shi ya laƙaba min Janar Ƙosai, yanzu har masu kabu-kabu sun ɗauka. Zan karɓi kuɗina ko a gaban mai unguwa ne.

Abin da na tsira da shi ya tsaya daidai inda Attahiru ya fita gabas, Burmi kam mutanen layinmu sun cinye. Tsohon kasuwa ya ce zai nemo min wani amma sai na ba da kafin alƙalami.