Rim 16 a ƙarƙashin tsohuwar Peugeot

Peugeot 504 ɗin da na gada daga mahaifina ta girmi yawancin samarin da ke nuna ta da baki a titunan Garwa ta ƙasar Kamaru. A 1968 aka fara fitar da irinta a Faransa, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, kuma daga can tawa ta tsallako iyaka tun ina makarantar allo. Da rim mai inci 14 da taya mai faɗin 175 aka ƙera ta, haka kuma ta yi shekarunta cikin rufin asiri, har lokacin da bikin ƙanwata ya gabato, ɗan yayata ya zo da hotuna a waya yana cewa, "Kawu, motar nan ba ta tsufa ba, ƙafafunta ne suka tsufa. Ka sa mata rim 16 kawai, ranar kai amarya kowa zai manta da motocin zamani."

Matsala ta farko ramukan noti ne. Na 504 guda huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, alhali yawancin rim ɗin gwanjo da ke kasuwa na ƙananan motocin Japan ne masu 100 ko 114, saboda haka sai da aka nemo wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi mana faranti da ke shiga tsakani. Wannan farantin ya turo kowace ƙafa waje kaɗan, abin da ɗan yayata ya kira ƙarin kwarjini.

Sai zaɓen taya. Mai facin unguwarmu, mutum ne da bai taɓa cewa bai san abu ba, ya mirgino mini guda huɗu da aka rubuta 215/65 R16 a jikinsu, ya ce, "Alhaji, hanyoyinmu sai taya mai tsoka. Mota idan ta yi tsayi rami yana jin kunyarta." Na biya, na bar masa tsofaffin rim ɗin a matsayin ragi, kuma gaskiya a tsaye a ƙofar gida motar ta yi kyau ƙwarai. Wahalar ta soma ne da na tashi juya ta, domin sitiyarinta ba mai taimakon mai ba ne, ƙarfin damtse ne kaɗai, kuma taya mai faɗin 215 ta kama ƙasa ta ce ba inda za ta. Kafin in fita daga lungunmu babbar rigata ta jiƙe.

Ranar kai amarya Pitowa, aka ɗora mini goggonni huɗu a baya, aka cika but da kayan gara da buhun shinkafa. Mota ta zauna. A tudun rage gudu na farko muka ji wani gurnani daga ƙarƙashi, a na biyu kuma ya zama kuka mai tsawo, har babbar goggo ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, tsaya, ka taka akuyar mutane!" Na tsaya, muka leƙa, babu akuya. Muka ci gaba, kukan ya dawo tare da ƙaurin roba, goggo ta soma karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi tana cewa dama dangin ango ba su kwanta mata a rai ba. A ƙarshe sai da aka sauke goggonni biyu da buhun shinkafa aka raba wa wasu motoci, kana kukan ya lafa, abin da ya jawo wata rigimar dabam a kan dalilin da ya sa su biyun aka zaɓa.

Washegari na kai ta wurin tsohon bakaniken mahaifina, wanda ya zagaya ta a hankali, ya shafa inda taya ta goge fentin cikin bodi, ya ɗauki tsinke ya durƙusa yana rubutu a ƙasa. "Ɗana," in ji shi, "lambar farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin. Tsohuwar tayarka kashi 80 na 175 ce, wato 140 sama da 140 ƙasa, ka haɗa da rim mai 356, ka sami 636. Sabuwar kuma kashi 65 na 215, nan ma kusan 140 ne, amma rim ɗin ya zama 406, jimla 686. Ka ƙara mata santimita 5 a ramin da Bafaranshe bai bar maka ba." Ya ƙara da cewa allurar gudu ma yanzu ƙarya take yi mini, idan ta nuna 80 to ina kusa da 86, kuma safayar da ke rataye a ƙarƙashin but har yanzu 14 ce, ranar da na ɗaura ta a baya motar za ta yi ɗingishi ta wahalar da giyar gatari. In dai rim 16 nake so, sai 205/55, wadda tsayinta 632 ne.

Na sayi 205/55 ɗin, kuka ya ɗauke, allura ta dawo gaskiya. Sai dai gefen tayar ya ragu zuwa milimita 113, kuma motar da aka san ta da shanye gargada ta koma tana sanar da bayana kowane dutse. Ramin farko na kirki da na faɗa a hanyar Figil ya lanƙwasa bakin rim ɗin gaba, iska ta fice tun kafin in gama salati.

Na koma wurin mai faci neman tsofaffin rim ɗina. Uku suna nan, ya ce zai sayar mini a farashin zumunci, wanda ya ninka ragin da ya yi mini. Na huɗun kuwa ya riga ya sayar wa wata mai ƙosai a bakin kasuwa, an yi masa ƙafafu uku da walda ya zama murhu. Na je na gaishe ta cikin ladabi na yi mata bayani, ta saurare ni har ƙarshe tana juya ƙosai, sannan ta ce ba ta taɓa samun murhun da ke riƙe garwashi kamarsa ba, amma idan na kawo mata ɗaya daga cikin masu ƙyallin nan na 16 za ta duba ta gani.