Madinatuz Zahra da halin da badalar Kano take ciki

A kufan Madinatuz Zahra, kimanin kilomita 8 yamma da birnin Kurɗuba na ƙasar Sifaniya, na ga mai gadi ya tsawata wa wani baƙo saboda ya ɗora jakarsa a kan guntun katangar da ko kugu ba ta kai ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Halifa Abdurrahman na Uku na Banu Umayya ne ya soma gina birnin wajen shekarar 936, a gangaren dutse, hawa uku: fada a sama, lambuna a tsakiya, masallacin Juma'a da gidajen jama'a a ƙasa. Bai cika shekara 80 ba yaƙin basasa ya cinye shi, aka yi ta kwasar duwatsunsa har ƙasa ta binne shi, sai a 1911 aka fara tono shi. Guntayen dutsen da aka sassaƙa wa zanen ganye da rassa, wasu ba su fi tafin hannu ba, an tattara su ana haɗawa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, ana mayar da su bangon zauren da halifa yake karɓar jakadu. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, kuma akasarin masu wannan wahala ba Musulmi ba ne.

Mu kuwa kowa ya san yadda badalar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta ta koma wurin ɗibar ƙasa da zubar da shara, ya kuma san an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya. Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, tana can cikin daji, ba kowa ke tuna ta ba. Na yarda ginin Madinatuz Zahra na dutse ne, namu na ƙasa da damina ke ci, kuma mutanen Sifaniya sun fi mu kuɗi. Amma kakanninmu ba su fi mu kuɗi ba sa'ad da suke fita gayya suna yaɓe ganuwa. Kishin ne ya ragu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'ya'yana da aka haifa a nan ƙasar waje. Makaranta tana kai su gidajen tarihi, sun san sarakunan wasu, ni kuma ina ta ba su labarin Kano da baki. Ina tsoron ranar da zan kai su gida in nuna musu jerin shaguna in ce nan ganuwar take a da, su dube ni su ɗauka ƙari nake yi.